Ba iska ta kada ƙanena ba, zuma ce guda ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ina gaida ka da sauran ma'aikata, ya aiki ya sanyi. Mu dai nan Tawa kwana uku ke nan hazo ya ruhe gari, in ka share ɗaki da sahe kahin azahar sai ka rubuta sunanka da yatsa bisa tebur, yara a klas rabi atishawa rabi tari. Ni mushe ne, ilimin halittu nike koyarwa a kolej, kuma gaskiya ban saba rubuto ma jarida ba, abin da ya zaunar da ni ina latsa waya da daren nan wata talla ce da na ji ranar kasuwa. Wani mai magani ne da lasifika bisa mota, yana ta rantsuwa kwalbarshi guda ta jikka ɗaya tana wanke dattin jini, tana ƙara ma garkuwar jiki ƙarhi, don haka wai ita ce maganin asma da borin jini da atishawa da ƙaiƙayin ido, mata sun yi layi maza sun yi layi. Ban tanka mishi ba, wa zai ja da mai lasifika. Amma tun ran nan abin ke cina, don maganar tashi a kan waɗanga ciwuka, da likitoci ke ce ma alerji, a birkice take. Mai borin jini ba ƙarhin garkuwa ya rasa ba, ƙarhin ne ya yi mishi yawa har ya juyo kanshi, in ka ce za ka ƙara mishi kamar ka ishe gobara ne ka ce ku dakata in kawo isansi.

Bari in ba ka labarin ƙanena, don duk da ina koyar da abin nan a allo, ban san shi da gaske ba sai a kanshi. Garkar albasa gare shi can wajen Galmi, akwai wani iccen mangwaro bakin rijiya inda zuma ta yi gida. Shekara biyu kahin wanga abu guda ta taɓa harbinshi a hannu, wurin ya kumbura kamar na kowa, ya shafa laka ya ci gaba da ban ruwa, washegari ya manta. Bara da bazara sai wata ta sake harbinshi, wanga karo a wuya. Shi da bakinshi ya ce mini, Yaya wallahi ban kai ga aje bokiti ba na ji tahin hannuna da na ƙafa suna ƙaiƙayi kamar an zuba mini tonka. Sai jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, murya ta dishe, ya ji kamar an shaƙe shi da rawani, ya ce ma yaron da ke taya shi aiki kirawo mutane, bai ƙarasa ba ya faɗi. Duka-duka abin bai kai minti goma ba.

Mutane sunka taru, kowa da tashi shawara. Wani ya ce iska ce, daman an san iccen nan ba shi kaɗai yake ba, wani ya ruga neman nono a ɗura mishi wai dahi ne, wata tsohuwa ta taho da garwashi za ta yi mishi hayaƙi, mutumin da numfashi ke gagara. Allah ya sa akwai wani yaro ɗan kabu-kabu da bai tsaya saurare ba, ya ce ku aza mini shi, wani ya hau ya riƙe shi ta baya sunka sheƙa gidan likita na kusa. Majon da sunka ishe, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, Allah ya saka mishi da alheri, bai tambayi karne ba bai tambayi kuɗi ba, kallo ɗaya ya yi ya fasa ampul ɗin adirenalin ya soka mishi a cinya, ya sa anka kwantar da shi anka ɗaga ƙafahu sama, bayan minti biyar da ya ga bai dawo sosai ba ya ƙara mishi wata, sannan anka sa mishi ruwa. Ƙanena ya buɗe ido. Majo ya hana shi komawa gida ran nan, ya ce abin yakan lafa kuma ya sake tasowa bayan ƴan awoyi, sai da ya kwana.

Da na tahi gaishe shi Inna ta ja ni gehe ta ce, kai da ka yi lakwal faɗa mini, zuma nawa ta harbi ubanku har ya bar duniya, mutumin da ke hawa icce da dare ya ɗebo saƙa ba ko riga, ko ciwon kai bai taɓa yi ba, ƙaƙa guda ɗaya za ta kada ƙato kamar wanga in ba da hannun mutum ciki ba. Na ce Inna tambayarki a kan hanya take. Kuma amsar da na ba ta ran nan bisa tabarma ita ce nike so in maimaita a jaridarku, don na san ba ita kaɗai ke wagga tambaya ba.

Dahin zuma guda bai isa ya kada babban mutum ba, sai ɗaruruwa sun taru a kanshi. Jikin ƙanena ne da kanshi ya kada shi. Ka ɗauka unguwa ce mai ƴan banga, aikinsu na kirki ne, su ke hana ɓarayi sakat, haka garkuwar jiki take da ƙwayoyin cuta, in babu ita ko ɗan miki sai ya kai mutum kabari. To wata rana sai ga baƙo ya shigo, mai tallan goro ne da jar hula, ba ruwanshi da kowa, sai ɗaya cikin ƴan bangan ya ji bai yarda da shi ba, ya ɗauki hotonshi ya raba ma kowane ɗan banga a kowane lungu ya ce ga ɓarawo nan ku riƙe huskarshi. Ran nan ba abin da ya faru, mai goro ya wuce lahiya lau. Wanga shi ne harbin farko. Jiki ya ƙera wani sinadari da likitoci ke ce ma IgE, shi ne hoton, kuma kowane IgE abu guda ya sani, na dahin zuma daban na ƙwai daban na kihi daban, sai ya tahi ya manne bisa wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mastosit, waɗanda ke zaune cikin fata da hanci da ido da hanyar numfashi da hanji, wato duk ƙofar da waje ke shigowa ciki, kuma cikinsu maƙare yake da ƴan ƙunshin histamin da ƴan uwanshi. Suna nan zaune wata da watanni, shekara da shekaru, mai jikin bai san komi ba.

Ran da mai jar hula ya sake biyowa shi ke nan, sai ihu. Mastosit su zazzage ƙunshinsu cikin ƴan mintoci. Histamin ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsiyayo daga cikinsu ya shiga nama, shi ne kumburin da rudu-rudun, ya tsokani jijiyoyin ji, shi ne ƙaiƙayi da atishawa, ya sa hanci da ido su yi ta zuba, shi da ƴan uwan nashi su matse hanyoyin iska cikin huhu, shi ne kukan da kake ji a ƙirjin mai asma kamar ana busa ƙaramar sarewa. In a hanci kaɗai anka yi ihun, sai atishawa goma a jere da ruwa fari ba zazzaɓi, in a fata ne sai borin jini. Amma in unguwa duka ta tashi lokaci guda, kowa ya hito da taɓarya da adda cikin duhu, ana bugun juna ana rushe katangar gida don a kama mai tallan goro, to shi ne abin da ya samu ƙanena, likitoci na ce mishi anafilaksi. Jijiyoyi duka sun saki, tansiyo ta faɗi, jini bai isa ƙwaƙwalwa, maƙogwaro ya kumbura daga ciki. Adirenalin ce ke tsuke jijiyoyin, ta buɗe hanyar iska, ta ce ma mastosit ya isa haka, duka cikin allura guda, shi ya sa a wanga hali ba ta da madadi. Ƙwayar Polaramine ko setirizin tana kwantar da ƙaiƙayi amma ba ta ɗaga tansiyo ba ta buɗe maƙogwaro, dekisa kuma, wato ƙwayar dekisametazon mai kwantar da kumburi, awoyi take ɗauka kahin ta fara aiki, mai abin kuma mintoci gare shi.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wagga wasiƙa, in ka ga mutum ya ci wani abu, ko ya sha magani, ko an yi mishi allura, ko zuma ko rina ta harbe shi, cikin ƙanƙanin lokaci fata ta tashi kuma ga murya ta canza ko numfashi na wuya ko amai ko jiri, kada ka tsaya neman wanda ya yi mishi, kada a ɗura mishi nono ko rubutu don mai shaƙewa sarƙewa zai yi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafa, in numfashin ne ya hi damunshi a bar shi ya kishingiɗa, kada a miƙar da shi tsaye, a yi gidan likita da shi. Ko zaman da ƙanena ya yi bisa moto haɗari ne, in da mota a kwance ya hi, amma a garka wa ya ga mota. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, ana tahiya ana yi.

Na ce ma Inna kada ta ji kunyar mamakinta, don manyan masana ma abin ya ɗaure musu kai. A 1902 a birnin Paris wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, sunka so su yi ma karnuka rigakahin dahin wata halittar teku, sunka ba kare ɗan kaɗan ya warware, bayan ƴan makonni sunka ƙara mishi ɗan kaɗan suna jiran su ga ya zama gagara-dahi, sai karen ya kwanta ya mutu cikin kamar rabin awa. Kariya sunka nema sunka samu kishiyarta, shi ne ma ma'anar sunan anafilaksi da sunka laƙa mishi, kuma a kan wanga aiki anka ba Richet kyautar Nobel a 1913. Kalmar alerji da muke ji a bakin lokotoro wani likitan yara ne ɗan Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro ta a 1906, bayan ya lura yaran da ake ma allurar ruwan jinin doki jikinsu ya hi saurin tashi a karo na biyu, kalmar daga Girkanci take, ma'anarta aiki na daban. Shi kuma hoton nan IgE sai tsakanin 1966 da 1967 anka kama shi, wasu mata da miji ƴan Japan masu suna Ishizaka da ke aiki a Amurka, da wasu masana a Suwidin, don shi ne mahi ƙaranci cikin irinshi a jini, nemanshi kamar neman allura ne cikin rairayi. Shekara sittin da wani abu ke nan tsakanin karen da amsar.

Yarana a klas sukan tambaye ni, Mushe, to dommi jiki zai aje makamin da ke kashe mai shi. Amsar da masana sunka hi karkata gare ta ita ce makamin na tsutsa ne. Tsutsar ciki da tsargiya sun hi ƙarhin a haɗiye su kamar yadda fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye ƙananan ƙwayoyin cuta, sai dai a kore su, da majina da tari da zawo da susa, kuma in ka duba da kyau waɗanga su ne dai alamun alerji, makami ɗaya ne anka juya ma wanda bai ji ba bai gani ba. A Gabon a shekara ta 2000 an gwada ƴan lakwal anka ga masu tsargiya fatarsu ba ta cika tashi ba in an ɗiga musu ruwan ƙwarin ƙurar ɗaki, a Ingila kuma tun 1989 wani likita David Strachan ya bi bayanan yara sama da 17,000 ya ga wanda ya tashi cikin yayye da yawa bai cika samun atishawar hure ba kamar ɗan tilo. Wato dai ɗan bangan da ya saba ganin jama'a iri-iri tun yana ƙarami ya hi sanin wa ke ɓarawo wa ke baƙo, wanda ya zauna ba aiki shi ke tare mai goro. Ba cewa nike a bar yaro da tsutsa ko a daina wanke hannu ba, kada gobe wani ya ce mushe ya ce, tsargiya na lalata mafitsara zawo na kashe yara, atishawa ta hi su sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai kuma gado, in uwa ko uba na da asma ko kirci ko yawan atishawa ɗiyansu sun hi kusa da samu, sai dai halin ake gada ba abin ba, uwa ƙura ɗa ƙwai jika kihi.

Yanzu ga inda nike da faɗa da mutanenmu, har da na gidanmu. In yaro ya ce ƙwai na sa mishi ƙaiƙayin baki sai a ce iyayi ne, ci ka saba. In baƙo ya ce shi ba ya cin kihi sai uwar gida ta ji an rena mata miya, a yi ta haba ɗan taɓa mana ko loma ɗaya, shi kuma kunya ta hana shi ƙi. Akwai ma masu ɓoye abin cikin miya don su gwada ko ƙarya yake, wallahi wanga wasa da rai ne. Wanda anka riga anka raba hotonshi loma ɗaya ta isa, kuma ba a sanin wane karo zai tsaya a ƙaiƙayi wane karo zai kai maƙogwaro, na jiya da ya zo da sauƙi ba shi ne ma'aunin na gobe ba.

Amma kuma, don kada in zalunci tsohinmu, akwai wurin da ci ka saba ke da gaskiya, kuma Turawa sai da sunka sha wuya sunka gane. Shekaru da yawa a Ingila da Amurka ana ce ma uwaye su hana jarirai gyaɗa, abin kuma sai ƙaruwa ya yi ta yi. Sai wani likita a Landan, Gideon Lack, ya lura yaran Yahudawa na Ingila sun hi na Isra'ila samun alerjin gyaɗa kusan ninki goma, alhali na Isra'ila tun ba su yi haƙori ba ake ba su wani abin taunawa na gyaɗa. Anka gwada da jarirai 640 masu kirci ko alerjin ƙwai, rabi ana ba su gyaɗa rabi an hana su har shekara biyar, sakamako ya hito a 2015, cikin waɗanda anka hana kusan 17 cikin 100 sun kamu, cikin masu ci 3 cikin 100. Da na karanta na yi dariya ni kaɗai, na tuna kunun gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli da ake lasa ma yaro da zaran ya fara cin abinci, na tuna kuma tun yunwar 2005 da wane abu ake ceton yara masu tamowa a ƙasar nan in ba Plumpy'Nut ba, wanda tushenshi gyaɗa ce. To bambancin a lokaci yake, kahin a raba hoto ana gabatar da baƙo a saba da shi, bayan wata shida na nonon uwa zalla, a niƙe ba ƙwaya ba don kada ta sarƙe shi, amma bayan an raba hoto ba uwa ba kaka ba mai iya sulhun a gida. Likitoci na da hanyarsu ta sulhu, tun 1911 Leonard Noon ya fara ta a Landan, ana ba da abin ɗan mitsitsi ana ƙarawa sannu-sannu shekara uku zuwa biyar, kuma ga dahin zuma tana aiki ƙwarai, amma a gaban likita ake yi da adirenalin a gehe, ba da cokalin miya ba.

Kuma ba duk ƙaiƙayi ne alerji ba, wanga ma ya kamata a sani. Ƴan zamaninmu sun tuna nivakin, ka sha don masassara ka kwana uku kana susa kamar mai ƙazwa, in ka yi wanka ma abin ya ƙaru, to wanga maganin ne da kanshi ke taɓa jijiyoyin ƙaiƙayi ba ta hanyar IgE ba, ya hi yawa ga baƙar fata, shi ya sa ƙwayar ƙaiƙayi ba ta cika yi mishi komi ba. Wanda madarar gari ko ta shanu ɗanya ke sa ma kumburin ciki da zawo amma yana shan hura da nono lahiya lau, galibi sinadarin narkar da sukarin madara ne ya yi mishi kaɗan, Hillani da Buzaye sun hi mu riƙe shi har girma, ba ruwan garkuwar jiki. Shi kanshi hazon da ke taso muna daga Bodele ta ƙasar Cadi yawanci gurzar hanci da maƙogwaro yake kamar hayaƙin icce da na maganin sauro, da turaren wuta, matanmu ku yi haƙuri, sai dai ga mai asma gurzar nan kaɗai ta isa ta tada ciwo. Masu tada ƴan banga na gaske cikin ɗaki sau da yawa kyankyaso ne, da wasu ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da matashi suna cin ɓawon fatarmu, kashinsu ake shaƙa, suna son laima shi ya sa sun hi yawa da damina, kuma rana na kashe su, ranar Tawa kuwa kyauta ce, a shanya katifa.

Akwai kuma mai zuwa a makare. Amarya ta sha baƙin lalle ran Alhamis, ran Asabar ko bayan sati zanen ya taso ya yi ƙuraje masu ruwa, hure da reshe yadda mai ƙunshi ta zana, sai a fara kallon kishiya ko uwar miji. Lallen gargajiya ja yake hitowa, baƙin nan wani sinadarin rinin gashi ne ake zubawa mai suna PPD, kuma in jiki ya riƙe shi ya riƙe ke nan har rinin kai ba za ta ƙara yi lahiya ba. Haka ƴan kunnen araha da ke sa kunne ruwa, haka hannun magina da siminti ke tsattsagawa. Wanga wani reshe ne na garkuwar jiki mai nawa, amma halin ɗaya ne. Mahi muni cikinsu na magunguna irin su Bactrim da Fansidar, kwanaki bayan fara sha sai zazzaɓi, baki da ido su yi miki fata ta fara saɓulewa kamar ƙuna, in anka ga haka a tsai da maganin a yi asibiti ran nan, kuma a rubuta sunanshi a takarda a nuna ma duk wanda zai ƙara rubuta ma mutum ordonas har ƙarshen rayuwa.

Sai dekisa. Ranka ya daɗe wagga ƙwaya ita ce ta hi ba ni tsoro, don tana aiki, abin da ke aiki kuma ba a jin shawara a kanshi. Masu tallan magani bisa kai da bisa keke suna ba da ita kamar alawa, mai asma ya sha ya ji ƙirji ya buɗe, mai borin jini ya sha fata ta kwanta, ƴan mata su sha don su yi ƙiba, alhali aikinta danne garkuwar jiki ne gaba ɗaya, kamar ka kwashe ƴan bangan unguwa duka ka kulle don guda ya yi kuskure, sai ɓarayin gaske su shigo su yi yadda sunka ga dama. Likita yakan ba da ita na ƴan kwanaki da awo kuma daidai ne, amma wata da watanni sai huska ta yi kamar faranti, ga ciwon sukari ga hawan jini ga ƙashi ya yi rauni, kuma wanda ya daɗe a kanta in ya bari rana ɗaya wani haɗari ne, sai likita ya janye mishi ita a hankali. Abin haushi mutumin da ke haɗiyar dekisa kullum shi ne zai ce maka yana tsoron ƴar pompon Ventoline da masu asma ke shaƙa wai in ka fara ba ka bari, alhali ita kai tsaye take zuwa huhu.

Ni kaina na faɗa ramin, ba zan ɓoye ba. Ɗiyata tana shekara bakwai idonta ya yi ja-ja kamar ƙasa, kullum tana murza, ba ta son haske, irin idon nan da kake gani ga yara da yawa a nan har wasu na cewa na gado ne ko rashin wanka. Ba apolo ba ne, ba ya yaɗuwa, alerji ne na ido da ya yi yawa a ƙasashenmu masu zahi da ƙura, kuma yawanci yana lafawa in yaro ya balaga. Wani mai tebur ya ba ni ɗigo, kwana biyu ido ya yi fari tas, na ji daɗi na yi ta saye kusan wata uku, ni mai koyar da ilimin halittu ban ko karanta jikin kwalbar ba. Da munka tahi Yamai hutu na kai ta wurin likitan ido don wani abu daban, ya karɓi kwalbar ya juya ya ce Malam wa ya ba ka wanga, dangin dekisa ne, in ka ci gaba zai iya tada mata hawan jinin ido ko ya sa mata yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa. Ya auna, Allah ya sa ba a kai nan ba, ya canza mata wani ɗigo mara haɗari ya ce a riƙa wanke mata huska da ruwan sanyi a hana ta murza. Na hito ina jin kunya kamar in nutse.

Abin da nike roƙonka Edita, in da hali ka tura ɗaya cikin ƴan jaridarka ya zauna da likita su yi muna bayanin wanga abu da Hausa, ya kuma zagaya ƙananan gidajen likita na karkara ya tambaya ko kowane na da adirenalin a aje wadda kwananta bai ƙare ba, don ampul ɗin ba tsada gare shi ba, sai dai ba ya son zahi da haske, mu kuma watan huɗu ka san yadda yake. Turawa na da wata mai kamar biro da mutum ke yawo da ita ya soka ma kanshi a cinya, EpiPen, amma kuɗinta ba na mai garkar albasa ba ne.

Shi dai ƙanena ya koma garka, an sa masu ɗibar zuma sun kwashe gidan nan da dare, ya daina tahiya shi kaɗai, ya daina shafa turare in zai hita. Majo ya rubuta mishi ƴar takarda da Faransanci cewa harbin zuma na kada shi kuma adirenalin ce maganinshi, ya sa anka lulluɓe ta da leda tana aljihun gaba. Inna ta saurari bayanina duka har ƙarshe, ta ce to madalla Allah ya yi ma karatu albarka, washegari ta aika anka ɗinko mishi laya, yanzu aljihu ɗaya suke da takardar Majo.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Wani mushe daga Tawa